Wasiƙa Ba Ta Tari

Shekara goma sha huɗu na yi ina koyarwa a firamaren garinmu, Ƙofa, kuma duk tsawon lokacin nan ni nake rubuta wa mutane wasiƙa. Rubutuna, ba don yabon kai ba, ko hedimasta yakan ari hannuna in zai aika takarda Bebeji. Amma duk da haka, in mutum yana da maganar da ta tsaya masa a rai, wadda yake so ta isa Kano da zafinta, ba wajena yake zuwa ba. Gaishe ni zai yi ya wuce gidan Ɗanliti, mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba. Na daɗe ina jin haushin abin nan, ba zan ɓoye ba.

Ɗanliti gajere ne siriri, mai faffaɗan kunne, kuma manomi ne kamar kowa: dawa, gyaɗa, da ɗan fegin barkono a bayan gari. Ran Litinin aka haife shi, ran Litinin kuma yake shiga Kano. Da farko barkono yake kaiwa kasuwa. To ka san halin mutanenmu, da an ga ka ɗora ƙafa a mota sai a tuna da ɗan'uwa. Wannan ta ba shi ƙullin daddawa a kai wa 'yarta a Fagge, wancan ya ce a gaya wa ƙaninsa a Kurna katanga ta faɗi. Kafin shekara biyu saƙo ya fi barkono nauyi, sai ya bar barkonon ya riƙe saƙon. Ba shi da farashi. Wani ya ba shi kwanon gero, wani ya taya shi noma, Lado na rugar bayan gari ya aiko masa da man shanu.

Ran Lahadi da yamma zaurensa yakan cika. Yana zaune a kan buzu, ido a rufe kamar mai gyangyaɗi, kowa ya zo ya durƙusa ya faɗi tasa. Ba ya cewa a maimaita. Washegari da asuba ya shiga motar Ubale, ya zauna a bayan direba, kaya a cinya, magana a ka.

Abin da ya sa ya fi ni kasuwa shi ne Ɗanliti ba ya kai magana tsirara, da muryar mai ita yake kai ta. In tsohuwa ce ta aike shi, sai ya tanƙwashe baya ya siranta murya. In mai in'ina ne, sai ya yi in'inar daidai inda mai ita ya yi. Akwai ranar da Baba Bala mai ƙira ya aike shi wajen ɗansa kan maganar taki. Ɗanliti ya isar da maganar takin, har da tarin da tsohon ya yi sau uku a tsakiya. Da yamma sai ga shi ya dawo da takin da kwalbar maganin tari, alhali babu wanda ya ce a kawo magani.

Na taɓa tsare shi a bakin masallaci na ce, "Kawu Ɗanliti, me bakinka ya fi alƙalamina da shi?"

Ya dube ni da tausayi, irin kallon da nake yi wa yaron da ya faɗi jarrabawa. Ya ce, "Rubutunka da kyau, Malam Hamidu. Amma wasiƙa ba ta tari."

Kano kuwa bai taɓa sabawa da ita ba, duk da ya fi direbobi sanin lungunanta. A Ƙofa, daga gidansa zuwa masallaci taku ɗari biyu ne, amma sai ya yi rabin awa, don ba zai wuce mutum bai tambayi kwanan iyali da na dabbobi ba. Ya ce ranar da ya fara sauka a birni haka ya kama gaida duk wanda ya gitta, har maƙogwaronsa ya bushe, kuma mutum ɗaya ne ya tsaya, shi ma sule ya miƙa masa ya ce Allah ya ba da haƙuri. Yakan ce, "Garin da za ka yi sallama a leƙo ta taga a ce wa kake nema. Garin da ake sayar da ruwan sha. Gida da lamba kamar mota, maƙwabci bai san sunan jaririn maƙwabcinsa ba." Shi bai san lamba ko ɗaya ba. Da mai shayi da bishiyar dalbejiya da karen gidan wane yake gane hanya, kuma bai taɓa ɓata ba.

Fahariyarsa ɗaya ce a duniya: bai taɓa kai saƙo ya dawo ba biyan bukata ba. Sai a kan mutum ɗaya.

Goggo Hajara ƙanwar mahaifina ce, ɗanta Bature kuma abokin wasana, saboda haka ina da izinin faɗin halinsa. Ran Talata aka haife shi aka sa masa Bature, shi kuwa ya ɗauki sunan da gaske. Ya yi karatu, ya zama akawu a wani kamfani a Bompai, ya kama haya a Gyaɗi-Gyaɗi da matarsa Maijidda da 'ya'ya uku, ya sayi agogon hannu wanda yake dubawa ko ana cikin yi masa addu'a. Ba mugu ba ne. Duk wata sai ya aiko wa uwarsa sabulu da sukari da atamfa in salla ta zo. Ƙafarsa ce kawai ba ta zuwa. Daga Kano zuwa Ƙofa bai fi awa ɗaya da 'yan kai ba a motar Ubale, in taya ba ta yi faci ba, amma Bature ya shekara huɗu yana cewa sai wata mai zuwa.

A cikin shekaru huɗun nan idon Goggo ya fara tafiya. Da fari zare ne ya gagare ta sawa a allura, daga baya sai ta koma gane mutane da takunsu. Ta san sauran ganinta kaɗan ne, kuma abu ɗaya take so ta yi da shi, ta ga fuskar ɗanta. To amma Bature ɗan fari ne. Goggo mutuniyar da ce, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, "wancan na birni" take cewa. Wadda ba ta iya faɗin suna ina za ta iya cewa tana kewa? Sai ta riƙa zagaye. Ta ce wa Ɗanliti a gaya wa na birni tsamiyar tsakar gida ta yi 'ya'ya har reshe na taɓa ƙasa. A gaya masa jar akuya ta haifi biyu. A gaya masa an gyara ɗakin da yake kwana, ba ya yoyo yanzu. Duk ɗan Ƙofa ya san fassarar wannan. Bature kuwa sai ya ce madalla, ya aiko da ƙarin sukari.

Sau goma sha ɗaya Ɗanliti yana kai wannan zagaye-zagaye. A na goma sha ɗayan, cikin daminar 1987, ya tarar da Bature a ofis takardu sun yi masa rumfa, manaja na ta aiko masinja. Ɗanliti ya ajiye daddawa a kan tebur, ya tanƙwashe baya, ya fara da muryar Goggo: "Kana lafiya? Ya mai ɗakin? Ya 'yan yaran? Tarin ƙaramar ya sake ta?" Sauran akawuna suka ajiye biro suna ƙyaƙyatawa. Bature ya ji kunya ta rufe shi, ya duba agogo.

Ya ce, "Kawu, don Allah, nan fa ba zaure ba ne. Nan gaba in ka zo, a bar wasan kwaikwayon nan, a bar akuya da tsamiya. Ka faɗi abin da ke tafe da kai a kalma biyar, ka ga kai ka huta ni na huta."

Ɗanliti ya miƙe bayansa a hankali ya ce, "Biyar?"

"Biyar. Haka ake yi a birni."

Maganar ta yi wa Ɗanliti ciwo ƙwarai. Matarsa Tasalla ta ce a ranar ko tuwo bai taɓa ba.

Lahadin da ta biyo, Goggo ta zo zauren da kanta tana lalube da sanda, ta jira kowa ya watse. Ba ta kawo ƙullin komai ba. Ta yi gaisuwarta, ta yi zancen tsamiya da akuya kamar kullum. Sannan ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce, "Ɗanliti, ka ce masa ba sukari nake so ba. Man fitilar ya kusa ƙarewa. Ya zo in gan shi tun ina gani, kada ya jinkirta."

Bayan magariba sai ga Ɗanliti a ƙofar gidana. Shekara da shekaru ina jiran ranar da zai buƙace ni, ga ta ta zo. Ya zayyana mini komai, ya ce, "Malam, ku ne kuka san ƙidayar kalma. Matse mini wannan ya koma biyar."

Na gyara zama, na ɗauko biro da takarda. Taƙaita labari darasi ne da nake koya wa 'yan aji shida, kuma ban taɓa jin daɗinsa irin na ranar ba. Na soke gaisuwa, na soke tsamiya, na soke akuya, na soke fitila don na ga karin magana ne. Abin da ya rage na ƙirga shi da yatsu: "Ana nemanka a gida yau." Biyar cif. Na karanta masa ina jiran yabo. Ya maimaita sau ɗaya, ya sosa kunne, ya ce Allah ya ƙara basira, ya tafi.

Ilimi ya rufe mini ido, na manta abin da ko yaron goye ya sani a ƙasarmu. Mu ba ma gaya wa na nesa mutuwa gatsal. Ba a cewa wance ta rasu, kada mutum ya faɗi a hanya. Cewa ake yi ana nemanka a gida. Shi kuma wanda aka gaya wa ba ya tambayar me ya faru, takalminsa yake nema.

Ran Litinin da hantsi Ɗanliti ya tsaya a ƙofar ofishin Bature, hannu babu ƙulli, baya a miƙe. Ya yi sallama, ya faɗi kalmomina biyar da muryarsa ta kansa, wadda Bature bai taɓa jin ya kawo saƙo da ita ba. Ya juya ya kama hanyar Kurna, don yana da sauran saƙonni.

Birni ya cinye wa Bature gaisuwa, amma bai cinye masa kunne ba. Waɗanda ke wajen sun ce biro ne ya fara faɗuwa daga hannunsa, sannan shi ma ya zame ya zauna a ƙasa. Manaja, mutumin kirki, ya ba da motar kamfani da direba, abokan aiki shida suka ce ba za a bar shi shi kaɗai ba. Aka biya Gyaɗi-Gyaɗi aka ɗauki Maijidda da yara. Aka tsaya a kasuwa Bature ya yanki farin alawayyo na likkafani, ya sayi turare da ƙwaryar goro.

Ana idar da azahar suka shigo Ƙofa, ni kuma ina dawowa daga masallaci. Mutane suka ga baƙuwar mota ta tsaya a ƙofar gidan Goggo, maza sun fito fuska a murtuke, Maijidda na sharɓar kuka, Bature rungume da farin yadi. Sai kowa ya ɗauka rasuwa aka yi a Kano aka zo gaya wa tsohuwa. Nan da nan aka taru.

"Ya muka ji da haƙuri?" in ji mutanen gari.

"Haƙuri da godiya," in ji mutanen Kano. "Ya namu haƙurin?"

"Sai godiya. Allah ya jiƙan musulmi."

"Amin, amin. Allah ya sa an huta."

Aka yi ta musabaha ana girgiza kai. Liman ma ya iso yana gyara rawani. Kowane ɓangare yana yi wa ɗaya ta'aziyya, kuma ba a samu marar kunyar da zai tambayi wa ya mutu ba. Ni kaina na karɓi gaisuwa ta mutum huɗu kafin kalmomin nan biyar su faɗo mini a rai. Sai na bi Bature da iyalinsa cikin gida da sauri.

Goggo na zaune a gindin tsamiya, ƙwarya a tsakanin ƙafafunta, tana ɓarar gyaɗa da lalube. Ta ɗaga kai ta ce, "Wannan kuka fa? Wa ya rasu?"

Maijidda ta ja da baya har ta taka kaza. Bature ya tsaya cak, sannan ya zube a gabanta ya kifa kai a gwiwarta yana kuka irin na yaron da aka yaye. Yadin ya warware a ƙasa.

Goggo ta shafa kan, ta gane shi. Amma ba ta bar halinta ba. Ta ce, "Hamidu, kai ne a tsaye? Ja mini baƙon nan cikin rana in ga ko wane ne."

Na kama shi muka fita daga inuwa, ita ma ta taso. Ta riƙe fuskarsa da hannu biyu, ta matso da ita dab da idonta na dama, wanda yake da sauran gani. Ta daɗe tana kallo. Ban taɓa ganin Goggo ta kalli ɗan farinta ido da ido ba sai ranar, kuma ni ma sai da na share hawaye. Daga ƙarshe ta ce, "Ashe har furfura an fara. Ba a gaya mini ba."

Ƙafarta ta taɓa yadin, ta sunkuya ta ɗauka, ta murza shi tsakanin yatsu, ta shinshina turaren. Sai ta kwashe da dariya har da riƙe ciki.

Ta ce, "Ashe sai an mutu ake samun mota. Da na sani ai da tuni na mutu." Ta naɗe yadin ta miƙa wa Maijidda. "Sa mini a adaka, 'yar nan. Yadi ne mai kyau, ranarsa na zuwa."

Labari ya fita waje. Liman, tunda ya riga ya zo, sai ya yi addu'ar tsawon rai. Aka raba goron makoki ana dariya, aka yanka zakara biyu, mutanen kamfani suka ci tuwon dawa da man shanun Lado har ɗayansu ya nemi a ƙulla masa daddawa.

Rana ta yi sanyi motar Ubale ta sauke Ɗanliti. Bature ya tare shi a ƙofar gida ya ce, "Kawu, yau ka kusa kashe ni."

Ɗanliti ya ce, "Biyar ka ce. Ga Malam Hamidu nan, shi ya ƙirga."

Ni dai na ga ya dace in je in duba lafiyar jar akuya. Daga can nake jiyo Bature yana cewa, murya ƙasa-ƙasa, "Ba kalmomin ne suka fi tsorata ni ba. Da na ji ka yi magana da muryarka, ba da tata ba, sai na ce shi ke nan, muryar ta tafi."

Na sha tambayar Ɗanliti ko ya san abin da zai faru. Kullum sai ya sosa kunne ya ce shi ɗan aike ne. Amma mutumin da ya kai saƙon mutuwa ya fi sau talatin ba zai kasa gane kalmomin nan ba. Ya sani sarai. Wajena ya kawo don a samu malamin da za a ɗora wa laifi, ni kuwa na karɓa hannu bibbiyu har ina jiran yabo.

Bature ya kai Goggo asibitin ido a Kano, likita ya ce an makara. Kwana tara ta yi a Gyaɗi-Gyaɗi ta ce a mayar da ita, ba za ta iya zaman gidan da ba mai shigowa aron wuta ba. Ganin nata ya ƙarasa tafiya bayan shekara guda da rabi. Amma kafin nan ta ga Bature ya fi a ƙirga, don tun daga ranar duk Asabar ta biyu yana gari, har ya koma sanin sunayen awaki. Agogon dai bai daina dubawa ba, hali zanen dutse.

Shekara takwas yadin ya yi a adaka. Ranarsa ta zo a wata Lahadi cikin 1995, da hantsi, kuma ba a aiki kowa Kano ba, domin Bature na zaune a gefenta yana ba ta kunu a ludayi.

Bayan sadakar uku na raka shi zauren Ɗanliti. Muka gaisa, muka zauna. Bature ya yi ta murza hularsa, sannan ya ce, "Kawu, ko za ka yi mini muryarta? Sau ɗaya."

Ɗanliti ya girgiza kai. "Ni ba na kai saƙon da ba a ba ni ba." Ya rufe ido na ɗan lokaci. "Sai dai akwai wanda ta ba ni ban isar ba. Na ranar nan. Biyar na ba ka, sauran na nan a wajena. Amma da tsawo."

Bature ya kwance agogonsa ya sa a aljihu.

Ɗanliti ya tanƙwashe baya, ya siranta murya, sai ga Goggo a zauren. "Kana lafiya?"

"Lafiya lau, Inna," in ji Bature.

"Ya mai ɗakin? Ya 'yan yaran? Tarin ƙaramar ya sake ta?"

"Ya sake ta, Inna. Har ta shiga sakandare."

Aka bi ta kan tsamiya, aka bi ta kan jar akuya da ɗakin da ba ya yoyo, yana amsa kowanne ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan fitila, muryar ta ce ya zo in gan shi tun ina gani, kada ya jinkirta.

Bature ya sunkuyar da kai ya ce, "Na zo, Inna."